Jar Tawadar Malam

Kurfi, 3 ga Yuni, 1963

Ɗalhatu ƙanena,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, Inna na gaishe ka. Hotunan littafin marigayi Malam sun iso, shafi arba'in cif. Baƙin rubutu ya fito raɗau, ban ƙi ba. To amma ina jan? Na juya su gaba da baya, na fita da su rana, ban ga ko ɗigo ba. Ka san baƙin nan karatun kowa ne, ko a kasuwa sai a saya. Abin da mahaifinmu ya ƙara da hannunsa a gefen shafi, da jar tawada, shi ne namu, shi ne kuma ka ɓatar. Baffa Abdulƙadir zai tashi zuwa Makka ta hanyar Sudan ranar Juma'a ta sama, kuma Malam ya yi wasiyya a ba shi littafin, da shi zai tafi. Ya ce ba lallai ya dawo ba. Tun jiya na kasa zama wuri ɗaya. Ka ba direban da ya kawo maka wasiƙar nan amsa.

Yayarka,
Yahanasu

Dutsin-Ma, 4 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Yahanasu,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Na karanta wasiƙarki. Laifina ne, amma ki bari in faɗi yadda aka yi. Takardar littafin ta tsufa, hayaƙi ya mai da ita kamar ƙasa. Akwai wani jan gilashi da ake ɗaurawa a bakin kyamara, yana sa irin wannan takarda ta fito fari fat. Shi na ɗaura, har ina yabon kaina. Na manta duk abin da yake ja, idan aka kalle shi ta jan gilashi, fari yake komawa. Maganinsa koren gilashi ne, shi ke sa ja ya yi duhu, ni kuwa ba ni da shi. Na aika Kano wurin Sa'idu mai sayar da fim. Ki roƙi Baffa ya ba ni kwana goma. Ki gaida Inna.

Ƙanenki,
Ɗalhatu

Kurfi, 7 ga Yuni

Ɗalhatu,

Gaisuwa. Kwana goma? Kai dai ba ka san Baffa ba. Da na faɗa masa, cewa ya yi, "Yahanasu, Makka za ni, ba gidan mai hoto ba." Ya riga ya ɗinke littafin a gafaka, sai da Inna ta sa baki ya yarda a kwance mini shi daga hantsi zuwa la'asar, a zaurensa, yana zaune yana kallona.

Ba zan zauna jiran gilashinka ba. Na haɗa jar tawada na fara kwafa da kaina. Fuskar hoton santsi gare ta, tawada ba ta kamawa, sai a baya nake rubutawa, kowane shafi a bayan hotonsa. Rubutun Malam ƙanana ne, wani wurin a karkace, wani ya zagaye shafin kaf. Shafi huɗu nake samu a yini, idona na ruwa. Kai kuma kana can kana yi mini bayanin kore da ja. Raina a ɓace yake, gara in gaya maka.

Ka huta lafiya.
Yahanasu

Dutsin-Ma, 11 ga Yuni

Yaya,

Bayan gaisuwa da ban haƙuri, gilashin ya iso jiya. Sai ga wata sabuwa: ya fi bakin kyamarata faɗi, ya ƙi zama. Na murɗa, na murɗa, har na ji tsoron kar in fasa shi. Daga ƙarshe na kai wa Rabo baduku, ya auna da zare, ya ɗinka masa wuya na fata kamar bakin salka. Ya yi ta yi mini dariya, wai bai taɓa yi wa tabarau takalmi ba. Ya zauna daram, haske ba ya shiga ta gefe.

Na gwada. Na rubuta sunana da jar tawada na ɗauka, na wanke, ya fito baƙi ƙirin. Yaya, da na gani sai da na zagaya shagon sau uku. Fim ɗin da ya rage mini bai kai arba'in ba, gobe Laraba wani zai iso. Alhamis da sassafe ina kan keke, ko da ruwa ake. Yini ɗaya ya ishe ni. Don Allah ki riƙe mini Baffa, ki hutar da idonki haka nan.

Ƙanenki mai neman gafara,
Ɗalhatu

Kurfi, 12 ga Yuni

Ɗan'autan Inna,

Ina gaishe ka. Kar ka wahalar da kanka gobe. Abokan tafiyar Baffa sun sami mota yau, ya tashi bayan azahar, littafin na rataye a wuyansa. Na roƙe shi har na durƙusa, ya ce in yi haƙuri.

Na samu shafi ashirin da bakwai. Sha ukun da suka rage, bayansu fari ne, haka kuma za su zauna.

Da na ji ana loda kaya sai na tsallake zuwa shafin ƙarshe. Can ƙasa Malam ya rubuta ranar da aka haife ka, ya sa addu'a Allah ya yi albarka a abin da hannunka zai riƙe. Layi biyu ne. Na kwafe su Baffa na tsaye a kaina yana miƙo hannu. Ga hoton nan cikin wasiƙa, ka juya bayansa.

Allah ya ƙaddara saduwarmu.

Yayarka,
Yahanasu