Na Ɓoye Ƙarfen Da Ya Tsage

Gwaggo Batula, don Allah ki taimake ni da shawara. Kwana ashirin suka rage in tsaya gaban malamai in kare bincikena na digiri na biyu, kuma akwai abin da na ɓoye.

Ni ɗan maƙera ne daga Sanyinna, injiniyanci na karanta. Aikina a kan injin jiragen sama masu tsananin gudu ne. Wutar cikin irin wannan injin tana iya narkar da ƙarfe, shi ya sa ake huda ƙananan hanyoyi a bangonsa, man jirgin ya bi ta ciki yana sanyaya shi kafin ya je ya ƙone. Bango ɗaya ke nan, gabansa a wuta, bayansa a sanyi. Ƙarafa uku aka ba ni in gwada in faɗi wanda ya fi dacewa. Tun farko zuciyata ta kwanta da wanda ya fi jure zafi a takarda, har na gaya wa malamina shi ne.

Da babbar sallah na je gida da guntunsa a aljihu. Burga na je yi, ba zan ɓoye miki ba. Na tarar da Baba a maƙera yana gyaran garma, abokansa na zaune. Ya ɗora guntun a kan uwar maƙera, ya ƙwanƙwasa shi da masaba sau biyu yana kasa kunne, yadda yake yi wa kowane ƙarfe kafin ya sa shi a wuta. Sai ya ce wanga ƙarfe shina da tauri amma ba shi da haƙuri, in wuta ta kama gabansa ruwa ya taɓa bayansa, tsagewa zai yi. Na yi dariya, Gwaggo. A gaban abokansa na ce masa wannan ba ƙarfen lauje ba ne, kunne ba ya auna shi. Sai ya miƙo min abina ya koma kan zugazuginsa.

Da na koma makaranta na sa guntaye biyar na wannan ƙarfen a tanderu, ruwa na bi ta cikin hudar a madadin mai, a gasa a huce, a gasa a huce. Huɗu suka fita lafiya. Na biyar ya tsage a zagaye na talatin da bakwai, tsaga siririya kamar gashi, daga bakin hudar. Ba kowa a ɗakin. Na naɗe shi a hankici, na rubuta cewa huɗu na gwada.

In na faɗa, wataƙila a ce in sake gwajin daga farko, shekarar ta wuce ni, ga Baba ya gama shaida wa mutanen gari bana zan gama. In na yi shiru ba mai sani. Nakan ce wa kaina ai ba wanda zai ƙera jirgi da takardata, amma abinci ya daina min daɗi, kuma tun ranar da guntun ya tsage ban iya kiran Baba ba. Kunya nake ji.

Ɗan Maƙeri, daga Sanyinna

AMSA

Ɗana, ka ɓoye sunanka, amma 'ya'yan maƙera nawa ne a Sanyinna ke karatun injin jirgi? Ka hanzarta kafin wani ya kai wa Baba jaridar.

Ban san ƙarfe ba, amma na tambayi wanda ya sani. Ya ce guntu ɗaya cikin biyar bai isa a yanke wa ƙarfe hukunci ba, mai yiwuwa da aibinsa ya zo. Mai yiwuwa kuma zaɓinka ne bai yi ba, domin ƙarfen da ake sanyayawa ba jure zafi kaɗai ake nema a wurinsa ba, sai ya iya miƙa zafin ga abin da ke sanyaya shi ba tare da ya tsage ba. Ba a san wanne ne ba tukuna, kuma ba za a sani ba muddin shaidar tana cikin hankicinka.

Tsoron rasa shekara ba wasa ba ne, na yarda. Sai dai takarda tana daɗewa fiye da mai ita. Wani ɗalibi zai ɗora nasa aikin a kan naka, ya yarda da huɗun nan don ka ce huɗu ne. Gobe da safe ka ajiye guntun a teburin malaminka, ka faɗi abin da ya faru har da ɓoyewar, kada ka yi kwana-kwana. Zai yi faɗa, ka haɗiye. In ya ce a sake gwaji, a sake.

Sannan ka hau mota zuwa Sanyinna, waya ba ta isa wannan ba. A gaban abokansa ka yi masa dariya, to ka bari sai suna zaune. Ka durƙusa ka nemi gafara, ka nuna masa hoton tsagar, ka gaya masa wataƙila bana ba za ka gama ba, da dalili. Mutumin da ya shekara arba'in yana mayar da garma wuta don bakinta bai yi masa ba, ba zai ga laifin ɗansa don ya sake aiki ba. In ya huce, ka tambaye shi me ya ji da ya ƙwanƙwasa, ka tafi da biro.

Allah Ya ba ka ƙarfin zuciya, Ya sa ka gama da albarkar mahaifinka.

Gwaggo Batula