Izinin Fita Ranar Ruwa

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Ni Rabi, matar marigayi Malam Sha'ibu, nake rubuta wannan da hannuna, a ɗakin da Salisu ya ba ni a gidansa na Zango, cikin Damagaram. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi yana yi mini gardama, amma hankalina yana nan daram, kuma ba wanda ya tilasta ni. Lakwal ɗina, wato karatun boko, bai wuce aji shida ba, in kun ga kuskure a rubutun ku bar shi, ku ɗauki maganar. Ina yin ta ne gare ku, ku ukun da kuka rage mini: kai Lawali ɗan farina, da ban taɓa kiran sunanka da baki ba, sai yau da takarda ta cire mini kunya, da kai Salisu, da ke Hasana.

Na ɗaya. Inda na cika, nan za ku rufe ni. Kada ku wahalar da mutane da ɗaukar gawa zuwa ƙauye. Ƙasar Allah ɗaya ce, kuma na gaji da tafiya.

Na biyu. Gonata ta bayan Takieta da ɗakina na ƙauye, malamai su raba muku yadda addini ya ce. Amma kafin a raba, a cire awakina da ƴan kunnena na azurfa a ba Ilham, ƴar marigayiya Husaina. Ba ta da gado a wurina tunda uwarta ta riga ni, shi ya sa na yi mata wasiyya. Hasana, ki ajiye mata ƴan kunnen har ta yi hankali. Tare kuka zo duniya da uwarta, in ta dube ki fuskar uwarta take gani.

Na uku. Maganar Kassim, mijin Husaina. Ba na son sake faɗin abin da ya faru, amma zan faɗa, don kowannenku ya riƙe rabin labarin ne kawai. A daminar da ta rasu an wuni ana ruwa, bayan la'asar ruwan kwari ya shigo ƙauyensu. Kassim yana kasuwar Damagaram Takaya. Maƙwabciyarsu Fanta ta leƙo, ruwa har gwiwarta, ta ce, "Husaina, fito, kowa ya hau tudu!" Husaina ta miƙo mata Ilham daga bakin ƙofa, ta ce, "Yaya Fanta, yi gaba da ita. Maigida bai ce in fita ba, bari in same shi a salula." Babu rezo, kiran bai shiga ba. Fanta ba ta kai kan tudu ba ta ji ɗakin ya zauna, Husaina tana ciki.

Salisu, ran zaman makoki ka ce da Kassim a gaban mutane shi ya kashe ta. Kassim bai taɓa ce mata ta zauna a ɗakin da zai faɗi ba. Bai dai taɓa ce mata ta fita ba, kamar yadda babu wani namiji a garin da ya taɓa faɗa wa matarsa haka. Ita kuma abin da aka koya wa kowace ƴar mutunci ta yi. Yanzu in ya kawo Ilham gaishe ni, a ƙofar zaure yake tsayawa kamar mai talla. Ka shigo da shi, ku ci tuwo a kwano ɗaya. Ya rame fiye da kai.

Na huɗu. Aikina na yawon ƙauyuka. Kun sha ce mini in zauna in huta, ban iya ba, zaman ne yake cin raina. Bayan rasuwar Husaina mutanen porje, ma'aikatan wata ƙungiyar agaji, suka zo Takieta suna koyar da yadda ake shirya wa ambaliya, na je na zauna cikin ƴan mata, ni ce tsohuwar ajin. Abin da na koya shi nake bin gidajen suna da na biki ina faɗa. A share indararo a toshe ramin ɓera tun kafin ruwan shuka. In gindin bango ya yi duhu, ko ƙasa ta fara zuba daga rufi, ko azara ta yi ƙara, ɗakin ya yi sallama ke nan, ba a kwana a ciki. Takardun haihuwa da magani a ƙulle su cikin leda a rataye kusa da ƙofa. Kowane yaro ya san tudun da za a hau, kowane gida ya san tsohon da zai ɗauka. Har mata suka sa mini suna, in na shigo sai ka ji, "Ga Inna mai bango nan, ku rufe ɗakunanku kada ta ga tsaga!" Su yi dariya, su ba ni fura, wasu su ji, wasu su manta.

Hasana, zanen hotunan da nake nuna musu yana cikin akwatina, naki ne, ki ci gaba in mijinki ya yarda. Amma ki san abin da ya ɗauke ni lokaci kafin in gane. Koyar da mata kaɗai rabin aiki ne. Na taɓa gaya musu cewa liman da kansa ya ce ceton rai ba ya jiran izini, sai wata ta ce, "Inna, ai ba liman ne zai dawo daga kasuwa ya tarar da ni a waje ba." Gaskiyarta. Tun daga ranar nake bi ta wurin mai gari, ina roƙon maza su faɗa wa matansu da baki tun rani cewa sun ba su izinin fita. A wasu garuruwan sun faɗa. A wasu an kalle ni kamar mai taɓin hankali. Kada ki yi fushi, ki koma.

Na biyar, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Lawali, na shawo kan mazan da ban haifa ba, kai ka gagare ni. Gidanka na ƙauye yana bakin kududdufin da ake haƙar ƙasar tubali, kowace shekara ramin yana matsowa. Kai kana kan kamiyo, babbar motar kaya, hanyar Agadas, sai ka yi wata ba ka gida. Shatu matarka ba ta da hayaniya, ko gidan maƙwabta ba ta leƙawa sai ka ce. Duk lokacin da na dube ta, sai in tuna Husaina. Da na yi maka maganar ba ta izinin fita, dariya ka yi ka ce, "Haba Inna, wannan har sai an faɗa? Ai ba yarinya ba ce." Ƙanwarka ma ba yarinya ba ce.

Na san abin da ke ranka. Kana ganin in ka faɗa, abokanka na tasha za su ce ka saki linzamin gidanka. Bari su ce. Ka kira Shatu a gaban liman da ƴaƴanku, ka ce mata: ranar da ruwa ko wuta ko wani bala'i ya zo, ina nan ko ba na nan, na ba ki izini ki kwashi yara ki fita, kada ki neme ni, kada ki jira kowa. Salisu, kai ma haka, ko da gidanka na siminti ne. Ban roƙe ku Makka ba, ban roƙe ku sabon ɗaki ba. Wannan kaɗai nake so.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kuma ban ga alamar zan ga kaka ba. Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu jin ƙanku, ya jiƙan mahaifinku da Husaina. Ku riƙe juna, ku riƙe Ilham da ubanta, kada gado ko tsohuwar magana ta raba ku.

Lawali, kada ka bari sai an karanta maka wannan a kan tabarmar makoki. Na ce Hasana ta kai maka ita tun yanzu. In ka faɗa wa Shatu, ka turo ta ita da kanta ta gaya mini, tun ina iya ji.