Baƙon da ba ya amsa sallama a mitin ɗinmu

Assalamu alaikum 'yan wannan gida mai albarka. Admin don girman Allah a sakaya sunana, kuma duk sunayen da za ku gani a ƙasa ni na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, ku yi haƙuri da tsawon rubutun, ni dama ko a gida an san ni da dogon bayani, amma wannan karon in na taƙaita ba za ku ga inda abin ya ɗaure ba.

Ni mazaunin Fagge ne, ina da ɗan shagon buga takardu da fotokwafi. Bayan wannan ina cikin masu aikin sa kai da ke rubuta kundin ilimin nan na intanet da Hausa, wanda kowa zai iya shiga ya rubuta ko ya gyara. Ba wanda yake biyanmu, son abin ne kawai, matata ma cewa take aikin ya fi ƙarfin sha'awa ya zama ciwo. Kowa a cikinmu yana da sunan da yake gyara da shi, ba sunan yanka ba, kuma duk layin da ka rubuta sunan nan yana maƙale da shi, duk wanda ya so zai iya dubawa ya ga wa ya sa me. Ku riƙe wannan, a nan maganar take.

Duk Asabar bayan la'asar muna yin mitin ta waya, ni nake buɗewa ni nake rufewa. Link ɗin a fili yake a shafinmu, don ƙa'idar aikin ita ce ba a rufe wa kowa ƙofa. Yawancinmu ba ma kunna kyamara saboda data, sai dai ka ga baƙaƙen akwatuna jere da sunaye. To ni ban iya fara magana da akwati ba, ba a haka aka raine ni ba. Shi ya sa tun farko na kafa al'ada, kafin a taɓa maganar aiki sai na bi kowa da sunansa na yi masa sallama, ya buɗe makirfo ya amsa, mu ɗan gaisa, ya gida ya kasuwa ya yara. Har alfahari nake da wannan al'ada, ina cewa mitin ɗin wasu ofis ne, namu zaure ne. Wanda ya fi kowa saurin amsawa ma ba Musulmi ba ne, Oga Emeka ne, wani dattijo mai gyaran janareto a Sabon Gari, haifaffen Kano, in ya ja maka wa'alaikumus salam sai ka rantse daga makarantar allo ya taso.

A cikinmu akwai wata da take gyara da sunan Tazargade. Ni da Oga Emeka kaɗai muka san ko wace ce, don a shagona ta koyi aikin. Bari in kira ta Sikira. Bayarabiya ce, iyayenta Musulmi, a nan Fagge aka haife ta, mahaifinta yana da shagon kayan masarufi a Kasuwar Singa, dattijo ne mai ciwon hawan jini da bai san ma me 'yarsa take yi a waya ba. Yarinyar nan akwai naci, ba ta sa layi ɗaya sai ta kawo jaridar da ta buga shi, ni kaina ta sha goge min rubutu tana cewa Malam wannan hirar majalisa ce ba hujja ba.

Da aka fara kaɗa gangar zaɓen fidda gwani sai ta rubuta shafi a kan wani mai neman kujera, ba zan faɗi wace kujera ba. Ta sa makarantar da ya yi, ta sa rijiyoyin da ya haƙa, sannan ta sa wani sakin layi a kan rabon rumfunan wata ƙaramar kasuwa lokacin da yake riƙe da muƙami, abin da jaridu suka buga tuntuni. Ba zagi ba ƙage. Sai wasu sababbin sunaye suka fara shigowa suna goge sakin layin, tana mayarwa, suna gogewa, har manyanmu suka kulle shafin. Daga nan saƙonni suka fara zuwa shafinta na tattaunawa. Na farko cewa ya yi, kai wane ne, wa ya aiko ka. Mun yi dariya a lokacin, muka ce ko mace ce ko namiji ma ba su sani ba.

A wannan tsakanin ne wani ya fara shigowa mitin da suna Baƙo. Na yi masa sallama, shiru. Na ce ƙila netwok ne. Asabar ta gaba ya dawo, na sake yi, shiru. Ba ya magana, ba ya rubutu a gefe, shi ne farkon shigowa, kuma ba ya fita sai na rufe. Na duba ban ga ya taɓa gyara ko waƙafi a kundin ba. Har tsokanarsa muka riƙa yi, Oga Emeka yana cewa Malam Baƙo ko tari ne ka yi mana mu san da mutum. Amma ni a raina abin ya tsaya min, don mutumin da za a yi wa sallama mako bayan mako ya ƙi amsawa, ko dai ba ya ji ko kuma akwai abin da ya kawo shi.

Bayan zuwansa na farko saƙon da aka turo wa Sikira ya canza. Ba kai ba ne kuma, ke ce. Ke wace ce. Sauyin kaɗan ne amma da na gani na san daga inda ya fito, don ba inda za a san mace ce sai a wajen da ta buɗe baki ta amsa sallamata. Wata Asabar tana magana injin markaɗen layinsu yana ta ƙara a bayanta, kwana biyu sai ga saƙo wai a gaida mai markaɗe. Wata rana kuma mamarta ta kira ta makirfo a buɗe, ta amsa mata da Yarbanci kafin ta tuna ta kashe. Saƙon wannan makon da Yarbanci aka yi mata sannu da aiki, aka ƙara da cewa baƙo ya kamata ya san iyakarsa a garin mutane. Yarinyar da kakanta ma a Kano aka binne shi.

Na kira Oga Emeka na ce zan cire Baƙon nan in rufe link. Muka yi sa-in-sa sosai, abin da ba mu taɓa yi ba. Shi a ganinsa ba ni da hujja, kuma ranar da muka fara korar mutum don ya yi shiru mun zama ƙungiyar 'yan gida ɗaya, ya ce shi kansa da haka ake yi da tun farko ba a bar shi ya shigo ba. Ya ƙara da cewa in na cire shi gobe zai dawo da wani suna, gara wanda muke gani. Na samu Sikira na ce ta daina buɗe makirfo, ta riƙa rubutawa kawai. Ta ce in ta yi shiru ai sun samu abin da suke so ke nan, kuma ita ba ta yi ƙarya ba balle ta ɓuya. Na ji haushin su biyun, amma ban iya cewa ɗayansu bai da gaskiya ba.

Ana haka mahaifinta ya kwanta, ta yi fashin mitin sau ɗaya. Da ta dawo, a wajen gaisuwa na ce ya mai jiki, kamar yadda kowa zai ce. Ta ce Alhaji da sauƙi, har ya fara tambayar shago. Kowa ya buɗe makirfo ana Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya sa kaffara ne. Akwatin Baƙo yana nan a kusurwa.

Asabar ɗin da ta wuce ce ta hana ni sukuni. Kullum ina saita mitin yadda duk wanda ya shigo makirfonsa a kashe yake sai ya buɗe da kansa. Ranar ina sauri, kwastoma ya tsare ni, na buɗe ban saita ba. Baƙo ya shigo, mu biyu ne kawai, sauran ba su iso ba. Na ce assalamu alaikum Malam Baƙo, don sabo kawai, ban sa ran komai ba. Sai na ji an amsa, ƙasa-ƙasa, irin amsar da baki yake yi da kansa mutum yana duba wani abu. Wa, wa, wa'alaikumus salam. Sai ƙit aka kashe makirfon.

'Yan uwa, na san in'inar nan. Mutum ɗaya na sani a duniya da harshensa ba ya sarƙewa a ko'ina sai a farkon amsa sallama, tun muna yara ake tsokanarsa da ita, ni ma na sha duka a kanta. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya tsaya min na gama makaranta, injin fotokwafin da nake ci da shi ma shi ya ɗauko min. Na san yana harkar siyasa, yana cikin masu kula wa wani ɗan takara da shafukan sada zumunta, ban taɓa tambayar ko wane ne ba don ni da siyasa sai dai a rediyo. Ranar da sauran suka shigo na tsallake gaisuwa na ce lokaci ya ƙure, har Oga Emeka yana tambaya ko lafiya.

Ban gaya wa kowa ba. Na yi ta ce wa kaina ƙila kunnena ne, masu in'ina ai suna da yawa a Kano. Kuma ko shi ne, yayana ba mugu ba ne, ban taɓa ganin ya ɗaga wa mace hannu ba, ƙila aiki aka ba shi ya gano suna ya miƙa, shi ke nan. Amma wa zai miƙa wa? Kowa a nan ya san irin samarin da ke bin motocin kamfen, kuma ya san abin da ake yi wa shagon mutum a kasuwa in aka ce ba a son ganinsa.

Yau Alhamis na je gaida Hajiya mahaifiyarmu a Rijiyar Lemo, na tarar da shi a can yana cin abinci. Muka gaisa lafiya lau, har yana tsokanata wai malamin kundi. Can Hajiya tana zaune sai ya ce, af, wannan Alhajin mahaifin ɗalibarka mai shago, ya jikin nasa? Na ce wane Alhaji? Ya ce wanda ya kwanta mana, ai kai ka gaya min. Wallahi ban taɓa gaya masa ba. Ya kalle ni ido cikin ido yana murmushi ya ce yana so in raka shi dubiya gobe in an sauko daga masallaci, tunda mahaifin ɗalibata ai kamar namu ne.

Hajiya ta ji daɗi har ta sa masa albarka. Ta ce dubiya lada ce, kar in sake in bar yayana ya tafi shi kaɗai kamar mara 'yan uwa, ta ce a sayi lemo da ayaba a ce tana gaishe da mai jiki. Na fara kame-kame wai ina da aiki, ta ce wane aiki ne ya fi duba mara lafiya ranar Juma'a. Shi kuwa ya ci gaba da cin abincinsa.

To ga inda nake. Bai san gidan ba, da ya sani da bai neme ni ba, ni ne ragowar abin da ya rage masa. In na kai shi na kai samarin nan ƙofar gidan yarinyar da ta amince da ni, da dattijon da hawan jini ya riga ya kayar. In na ƙi, ya tabbatar na gane shi, kuma sai na yi wa Hajiya bayanin abin da ya sa na hana ɗanta dubiya, ban san yadda zuciyarta za ta ɗauka ba. In na gaya wa Sikira gaskiya dole in ce mata wanda yake bibiyarta ɗan uwana ne, kuma da bakina na riƙa jawo masa ita duk mako da sunan gaisuwa, daga ranar ba wanda zai sake buɗe makirfo a mitin da ni na buɗe. Na yi tunanin in roƙe ta ta cire sakin layin kawai a huta, amma na san amsar da za ta ba ni, kuma shafin ma a kulle yake. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye muku ba, kuma ina jin kunyar yarinyar nan tun kafin ta sani.

Don Allah masu hankali na gidan nan ku faɗa min. In tare shi mu biyu in ce na ji muryarka, ko in fara kiran Sikira ta san halin da ake ciki tukuna? In sa Hajiya a maganar ko in bar ta da albarkar da ta sa? Gobe ana idar da sallah zai tsaya da mota a ƙofar shagona da ledar lemo a kujerar baya. Jibi kuma Asabar ce, zan buɗe mitin in ga akwatin nan a kusurwa, kuma ban san ko in yi masa sallama ba.