Agogo Ɗaya, Magada Uku

Malama, ki taimake ni, na ɗaure kaina da igiyar bakina.

Yau Asabar. Gwiwa ta ɗan lafa, ƙirji kuwa yana nan yana kuka kamar tsohon ƙyaure. Shekaruna tamanin da biyu, kuma tun rasuwar mai ɗakina ni kaɗai nake zaune.

Da can bankuna biyar ne a titinmu, kowanne na buɗe ɗan asusu. Ba don dukiya ba, fanshona bai kai a gina masa gida biyar ba. Don kujera mai laushi ne, da sanyi, da mai tambayata ƙarfin jiki. Litinin zuwa Juma'a, kowace rana da bankinta. Sai suka shiga haɗiye juna kamar kifaye. Biyar suka koma uku, bana ukun suka zama ɗaya.

Ga laifina. A bankunan nan uku akwai kashiyoyi, mata masu biyan kuɗi a kanta, masu kirki. Kowacce na ce mata ita kaɗai ce 'yata a duniya, na kuma yi mata alkawarin agogon bangon mahaifina bayan raina. Ina na san za a haɗa su? Ran Litinin na shiga, sai ga su jere a kanta ɗaya, doguwa da mai tabarau da mai wushirya, suna ƙus-ƙus. Na juya da sandata kamar mai mantuwa. Tun ranar ban fita ba.

Mai wushirya takan leƙo ni duk Asabar. Yau ma na share ɗaki, na dafa shayi. Ya huce, ba ta zo ba.

Tsoho mai agogo

Baba, ramin ƙarya ƙurarre ne, naka kuwa har da kanta a ciki. Kaɗaici ne ya sa ka, na sani, amma su ma sun ba ka zuciya ɗaya, suna da haƙƙin jin gaskiya daga bakinka. Kada ka yanke wa mai wushirya hukunci. Inda aka haɗe bankuna aiki kan ninka, kowa kuma yana fargabar kujerarsa.

Ran Litinin ka sa a ɗauko maka agogon. Ka amsa laifinka a gabansu su uku, ka roƙi manaja a rataye shi a bangon da suke fuskanta. Kowacce ta ci gadonta tun kana raye, kai kuma ka sami dalilin zuwa kullum duba lafiyarsa.

Sai dai kada in ji ka alkawarta wa mai gadin bankin rediyonka. Allah Ya ƙara lafiya, Baba, Ya ja kwana.