Lamba Ashirin da Bakwai

Litinin, 3 ga Maris

An ɗauke ta! An ɗauki jikata Malama a gwajin sabon maganin! Ko bisimillar da na saba buɗe shafi da ita ban rubuta ba, Allah ya yafe min.

Wata goma sha huɗu muna fama da ƙarin nan da ke ƙirjinta. Maganin ciwon daji iri biyu aka yi mata, gashi ya zube, ƙarin yana nan daram. Yau Likita ya ce sunanta ya fito cikin yara talatin da za a gwada wa wata sabuwar ƙwaya. Ya maimaita sau uku cewa ba alkawari ba ne, su ma nema suke yi. Na ji shi. Amma ƙafata ba ta ji ba, sai da ta taka rawa a bakin ofishinsa. Uwarta ta ce, "Baba, a asibiti muke fa."

Uwarta ta sa hannu. Ita ma Malama ta sa, wai shekara goma sha ɗaya ta isa a nemi yardarta. Lambarta ashirin da bakwai.

Laraba, 5 ga Maris

An ba ni aiki. Uwarta tana kan keken ɗinki a kamfani daga safe har yamma, don haka littafin gwajin a hannuna yake. Sista mai gilashi ta nuna min: lokacin shan ƙwaya, zafin jiki, abin da ta ci, sai layi na ƙarshe, "Abin da ya dame ta yau".

Shekara talatin ina gyaran birkin manyan motoci ina dangwala yatsa a takarda. Sai da na kai sittin da uku na shiga ajin manya na yamma, jikata ƴar shekara bakwai tana duba min aikin gida da jan biro. Daga nan ta zama Malama. Yau ga shi likitoci za su karanta rubutuna.

Ta leƙa shafin farko ta ce, "Tsoho, da sauranka, amma ka ci shida cikin goma."

Litinin, 10 ga Maris

Bayan ɗibar jini Sista ta bar mu muka leƙa ɗakin bincike ta gilashi. Tsaf, ko ƙuda babu. Wata mata da safar hannu shuɗiya tana ɗiga abu cikin ƴan ramuka kamar mai ba ɗan tsuntsu ruwa. Ga firiji ya fi ni tsawo, a nan jinin Malama yake kwana da lambarsa. Na ce ashe su ma irin aikinmu suke, a kwance abu a ga inda ya ci. Malama ta ce kada in kunyata ta.

Juma'a, 14 ga Maris

Ta cinye kwanonta ta miƙo hannu cikin nawa. Na yi kamar na ji haushi.

Litinin, 17 ga Maris

A ɗakin jira na zauna kusa da wani mutum mai jaka a cinya. Ya ce an cire ɗansa daga gwajin, jikin yaron bai karɓi ƙwayar ba. Ƙuraje suka fara fito masa. Na ba shi ruwa.

Alhamis, 20 ga Maris

Ƙuraje a hannun Malama, daga gwiwar hannu zuwa kafaɗa. Jajaye, ƙanana. Tana susa.

A layin ƙarshe na rubuta: Lafiya lau.

Asabar, 22 ga Maris

Sun hau wuya. Da rana ta bar rabin abinci, ta ce zuciyarta na tashi. Zafin jiki talatin da bakwai da ɗigo takwas, shi kam na rubuta daidai, lamba ba a yi mata kwana.

Ta ga layin ƙarshe ta ce ba haka ba ne. Na ce zai wuce, kuma wa ya taɓa zuwa gaban mutanen da suka taimake shi ya fara da ƙorafi? Ta dube ni irin kallon jan biro. Na ciro mata riga mai dogon hannu. Uwarta ma ban gaya mata ba, tana dawowa a gajiye.

Litinin, 24 ga Maris

Asirina ya tonu.

Jini ya nuna hantarta ta fara wahala. Sista ta buɗe littafin, ta bi layin ƙarshe da yatsa tun daga sama, lafiya lau, lafiya lau, kamar mai gaisuwar safe. Ta naɗe hannun rigar Malama. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.

"Kaka, wannan layin ba gaisuwa ba ne. Da mun sani ranar farko, da mun rage ƙwayar tun ba ta taɓa hanta ba. Kuma akwai yara ashirin da tara da abin da ka rubuta zai shafa."

Na ce tsoro nake kada a cire ta. Ta ce ta sani.

Likita ya dakatar da maganin mako guda. Ya ce in ba su san ranar da abin ya fara da yadda ya bi ba, da wuya su mayar da ita. A mota uwarta ta juya min baya har muka iso gida.

Talata, 25 ga Maris

Ina goge takalmi da safe sai abin ya faɗo min. Ai yana nan! Duk na rubuta a wannan littafin nawa, da rana da kwanan wata.

Na kai musu. Sista ta miƙo hannu, na ce a'a, ni zan karanta, don akwai inda na yi maganar gilashinta. Na karanta musu Alhamis da Asabar, har da rigar. Likita yana rubutawa, ya tambaye ni ko ƙurajen sun riga tashin zuciya, na ce da kwana biyu. Ya ce abin da suke nema ke nan.

Da zan fita ya ce da duk iyaye suna rubutu irin nawa da aikinsu ya yi sauƙi. Na ce wanne daga cikin littattafan biyu? Ya yi dariya har ya cire hular biro da haƙori.

Litinin, 31 ga Maris

Hanta ta sauka. An mayar da ita, rabin ƙwaya. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

Uwarta ta kawo min shayi da kanta ta ce, "Baba, ka sha tun da zafi." Mun shirya ke nan.

Laraba, 9 ga Afrilu

Layin ƙarshe na yau: ciwon kai da hantsi, minti arba'in, ƙaiƙayi kaɗan a bayan kunne, ta yi fushi da ni kan rediyo. Malama ta ce na ukun ba ciwo ba ne. Na ce su masana su tantance.

Tara cikin goma.

Litinin, 12 ga Mayu

Hoton ƙirji ya fito. Likita ya jera na da da na yanzu a kan allo. Ni ban iya karanta irin wannan ba, amma na san girman goro da girman ƙwayar wake. Ƙarin ya ragu fiye da rabi. Ya sake cewa tafiya da saura, za a ci gaba da dubawa, kada mu ce an gama. To, ban ce ba.

Na roƙi Sista ta isar da godiyata ga matar nan mai shuɗiyar safa. Ta ce matar ba ta san sunan Malama ba, lamba kawai ta sani. Na ce a gaya mata ashirin da bakwai tana gaishe ta.

Mutumin nan mai jaka ya faɗo min a rai. Allah ya buɗa wa ɗansa wata ƙofar.

Asabar, 17 ga Mayu

Jiya Sista ta ce, "Kaka, yaya naka jikin?" Na buɗe baki zan ba ta amsar da na saba, sai na ji na ce gwiwar hagu tana hana ni hawa bene tun bara. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ta rubuta min takarda, ranar Talata zan ga likitan ƙashi. Ba wani abu ba ne.

Yau na sauko da keken Malama daga saman rumfa. Wata goma sha shida yana can. Na wanke sarƙa, na ba taya iska, birki kuwa ba sai an faɗa ba. Likita ya yarda, daga ƙofarmu zuwa shagon mai gyaran waya ta dawo, sau biyu kawai. Gashinta ya fara tsirowa kamar na ɗan tsako, ta ce ba za ta sa hula ba.

Ƙarfe biyar za ta hau. Na gaya wa mai shago, na gaya wa mutanen bene na sama, na buga wa ƴan ajinmu na yamma waya ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya fito bakin titi ya gani da idonsa. Mai kujera ya zo da kujerarsa, ni dai a tsaye zan kalla.