Madarar Inna daga Hawa na Tara

Litinin, 2 ga Satumba
Mun iso Ulanbato, babban birnin ƙasarmu, a bayan babbar mota. Tabɗi! Motoci sun cushe kamar tumaki a bakin rijiya. Gidan da wan mijina ya ara mana yana hawa na tara. Na murɗa famfo, sai ga ruwan zafi, ba wanda ya hura wuta. Na rufe, na buɗe, na rufe, har mijina, Baban Hulan, ya ce, "Ke, za ki ƙarar musu da shi." Inna, surukata, ba ta taɓa komai ba. Tana zaune a kan ƙunshinta.

Talata, 3 ga Satumba
Baban Hulan ya yanke magana. Motar za ta koma Asabar ta sama, in Inna ba ta saki jiki ba, duk mu bi ta. Sanyin bara bai bar mana ko akuya ba, amma ni dai a koma ɗin. Garin nan ya fi ƙarfina.

Alhamis, 5 ga Satumba
Yau na sha kunya. Tun ina amarya, kowace safiya Inna kan ɗebi madara da ludayinta na itace ta watsa wa sama da duwatsu kafin ta karya. Yau ta baranda ta watsa. Sai ga Sarangerel, matar da ke ƙasanmu, riƙe da rigar da ta shanya, duk ɗigo. "Wai ku ruga kuka ɗauki nan? Gobe sai ku hau mana da raƙumi!" Inna ta ce, "Yarinya, ai ba ke na bai wa ba." Na yi ta ba da haƙuri har bakina ya bushe.

Juma'a, 6 ga Satumba
Ba ta watsa ba, ba ta karya ba.

Lahadi, 8 ga Satumba
Na fita sayen gishiri, na ɓata rabin yini. Akwai matakala mai tafiya da kanta! Kuma na ga mace, sa'ata, tana tuƙa doguwar bas, hannu ɗaya a sitiyari, maza na jiran ta buɗe musu ƙofa. Na tsaya baki buɗe har ta sha kwana. Na manta gishirin.

Talata, 10 ga Satumba
Inna ta mayar da ludayin cikin ƙunshi. Ya kamata in yi murna. Maimakon haka na ɗebi busasshen cuku na sauka wajen Sarangerel. Ta tauna ɗaya, ta ce rabonta da irinsa tun kakarta na da rai. "Ki kai tsohuwar kan rufi da sassafe, ƙofar a buɗe take."

Laraba, 11 ga Satumba
Ashe ba mu kaɗai ba ne. Tsofaffi ne a can sama, kowa da ludayinsa da madarar kwali. Wani dattijo ya ce, "Iya, sannu da zuwa, ya aka baro ciyawa?" Gari shimfiɗe a ƙasa har inda ido ya gaji, rana na faɗa wa gilasai ɗaya bayan ɗaya, ga dutsen kudu tsaye a bayansu. Inna ta shinshina madarar, ta ce saniyar da ta yi wannan ba ta taɓa ganin rana ba. Amma ta watsa. Da muka sauko ta ci burodi biyu.

Asabar, 14 ga Satumba
Direban babbar motar ya yi hon a ƙasa. Baban Hulan ya durƙusa ya ce, "Inna, ya za a yi?" Ta ce, "Tambayi matarka. In mun hau sama ni dutse nake kallo, ita kuwa bas." Ta kwance ƙunshin da kanta, ta miƙo min ludayin in rataya.

Motar ta tafi.

Don Inna na ce mu zauna, kowa ya sani. Matar nan mai tuƙa bas dai tana wucewa ta ƙofarmu da hantsi, na lura. Gobe zan shiga, in zauna a kujerar da ke bayanta. Kallo kawai.