Zare Takwas a Cikin Waya

Xela, 9 ga Maris

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Baba? Wilmer ya daina tarin? A gaishe mini da Kaka Chona.

Ni lafiya lau nake. Wainar masararsu ce dai ba ta kai taki ba, wani lokaci kuma nakan yi kuka kaɗan, amma ba komai.

Ban faɗa miki ba, Gwaggo Eufemia ta ce in ban iya komai a shagonta ba kafin Ista, gida zan dawo. Aikinsu jan igiyar waya daga kwamfutoci zuwa wani akwati mai fitilu, shi ke raba musu intanet. Ni shara kawai nake yi, kunya ta hana ni tambaya.

Ranar Talata Don Anselmo mai gyara ya feɗe wata waya. Inna, zare takwas ne a ciki masu launi, sai an jera su daidai ake matse musu kan da ake sokawa a akwatin! Idonsa ya yi rauni, sau uku yana kuskurewa. Ni kuwa na sha kallon guntayen da nake sharewa. Na ce a hankali, "Kawu, shuɗi ne ke shiga tsakanin korayen."

Ya ce, "Au, ashe bebiyar tamu tana magana! To bismillah, malama."

Na jera su kamar yadda kika koya mini a masaƙa. Ya soka wayar a akwati, fitila ta kama. Ya dubi Gwaggo ya ce, "Sai ki nemi wata mai sharar."

Ki aiko mini da bargona, da alama zan daɗe. Ki sa mini albarka.

'Yarki,
Floridalma